Littafin Tambayoyin Baba

A ƙarƙashin gadon Baba akwai wani akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti wanda tsatsa ta fara cin gindinsa. Mu yara mun ɗauka kuɗin auduga ne a ciki, domin duk shekarar da ya dawo daga fuloti sai ya shige ɗaki ya jawo akwatin, ya daɗe bai fito ba. Ashe kuɗin a hannun Inna suke kwana. Abin da yake kai wa akwatin shi ne tsarabar da ya yi wa kansa: fensir biyu da sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai jadawalin sau a bayan bango. Da Allah ya yi masa rasuwa a 1998, ni da yayana muka buɗe akwatin muka ƙirga littattafan nan, guda 14 cif, an ɗaure su da tsumman zanen Inna.

Tsarinsu ɗaya ne tun daga na farko har na ƙarshe. A shafin hagu yake rubuta tambaya. Shafin dama kuwa sai ya bar shi fari fat har ranar da ya sami amsa, sannan ya rubuta ta, ya sa wanda ya ba shi ita da ranar da aka ba shi. Wata amsar takan zo bayan mako guda, wata sai bayan shekara goma, da wani fensir dabam, da hannun da ya fara rawa. Wasu shafukan na dama har yau farare ne.

Ƙauyenmu yana ƙasar Malumfashi, a kudancin Katsina, kuma mu jikokin Maguzawa ne. Kakana, mahaifin Baba, ya rayu ya mutu a kan al'adar iyayensa. Yana da wurin tsafinsa a bayan rumbu, yana yanka jan zakara kafin shuka, kuma kowa ya shaide shi da gaskiya da ciyar da baƙo. Baba ya tashi da fartanya a hannu, bai taɓa riƙe allo ko fensir ba sai da ya haura shekara 30, yana da mata da 'ya'ya biyu. A lokacin ne, tsakiyar shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta baza azuzuwan Yaƙi da Jahilci a ƙauyuka, kuma a namu ƙauyen mai bisharar da mishan SIM ta turo shi ne ya karɓi ajin. A gindin wata tsamiya ake yi, wadda a da ba mai zama ƙarƙashinta da tsakar rana don tsoron iskoki. Aka jingina baƙin allo a jikinta, magidanta suka zazzauna a ƙasa, kowa ya share gabansa yana zana baƙaƙe da yatsa a rairayi. Sa'o'in Baba suka yi ta yi masa dariya, wai gandiƙeƙen mutum da shi ya koma wasan ƙasa. Ya ce musu gemu ba ya hana ilimi, ya ci gaba da zanensa.

Ya sha ba mu labarin ranar da karatu ya buɗe masa. A kasuwar Malumfashi ne, ya kai kaji. Wata babbar mota tana tsaye ana loda mata buhuna, sai idonsa ya faɗa kan rubutun da ke goshinta. Ya ce bai yi niyyar karantawa ba, baƙaƙen ne da kansu suka haɗu suka yi magana: Allah ya kiyaye. Ya tsaya cak da kajinsa a hannu, yana maimaitawa, har motar ta tashi. "Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini kuma haka yake kirana, "ranar nan na gane cewa shekara da shekaru duniya tana yi mini magana, ni ne ba na ji."

Akuya ya sayar ya sayi Littafi Mai Tsarki. Tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda Likita Miller, da ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya yi wa hidima tare da abokan aikinsa. Rani uku Baba ya yi kafin ya kai ƙarshenta daga Farawa, a bayyane yake karantawa, yatsa yana bin layi, fitilar aci-bal-bal tana hayaƙi a gefensa. Littafin tambayoyi na farko daga nan ya samo asali, kuma tambayoyin cikinsa sukan sa ni ƙwalla saboda sauƙinsu. Urushalima tana gabas ne ko arewa? Zaitun itace ne ko ganye? Teku ta fi kogin Kaduna girma sau nawa? Mece ce dusar ƙanƙara? Wannan ta ƙarshe wata Baturiya mai aikin jinya a asibitin mishan ce ta amsa masa, ya rubuta a shafin dama: kamar auduga da aka shiɓe, daga sama take zubowa, sai dai sanyi gare ta kuma tana narkewa a hannu. Ya ja layi a ƙarƙashin "auduga". Manomin auduga ne, an ba shi amsa da abin da ya sani.

Abin da na gani da idona, wanda ba zan manta ba, ya faru ne a daminar 1969, ina 'yar aji biyar. Ana cikin yaƙin basasa, kuma da yake rediyon Baba ne kaɗai a unguwarmu, kullum da yamma ƙofar gidanmu cike take da iyayen da 'ya'yansu suka tafi soja, ana sauraron Kaduna da sashen Hausa na BBC. Ranar Litinin 21 ga Yuli, an dawo daga maimai a gajiye, sai aka ji labarin da ba na yaƙi ba: wai Amurkawa biyu sun sauka a kan wata, har ɗaya daga cikinsu, Neil Armstrong, ya fara taka shi da ƙafarsa. Wuri ya kaure. Wani dattijo ya ce ƙaryar Turawa ce, wata da bai fi faifai ba ina wurin tsayawa? Wani dattijon ikilisiya ya girgiza kai ya ce hasumiyar Babila ce aka sake ginawa, mu jira mu ga abin da Allah zai yi musu. Baba bai ce uffan ba. Ya ɗaga kai yana duban watan, wanda ya kusa rabi a daren nan, gajimare yana rufe shi yana buɗewa. Da mutane suka watse ya ce, "Uwata, kawo fitila." Ya jawo akwati.

"A makarantarku an gaya muku nisan wata?"

"A'a, Baba."

"To, gobe ki gaya wa hedimasta ina nan tafe."

Kashegari da la'asar ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya kama hannuna muka tafi. Hedimastan namu saurayi ne, bai fi ƙanin Baba na uku ba, yana ganinsa ya miƙe ya ba shi kujera. Baba ya ƙi, ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya ce, "Malam, yau ni ɗalibi ne." Hedimasta ya rufe tagogi, ya kunna fitilar ƙwai ya ce ita ce rana, ya ɗauki ƙwallon makaranta ya ce duniya, ya ba ni lemon tsami in riƙe in riƙa zagaya ƙwallon, ni ce wata. Nan Baba ya ga yadda haske yake kama gefe ɗaya na lemon, ya gane dalilin tsayuwar wata da cikarsa da ɓacewarsa. Sau uku ya sa na sake zagayawa. Da aka zo kan nisa, hedimasta ya ce kimanin mil 240,000 ne.

A hanyar komawa gida bai yi magana ba. Muna isa ya kakkarya kara ya tsuguna a tsakar gida, ya share ƙasa kamar yadda ya saba a gindin tsamiya. Ya ce falke mai ƙarfi yana cin mil 20 a yini. Ya yi ta zane yana gogewa, ni ina taya shi raba dogon lissafi, har muka sami kwana 12,000. Muka sake rabawa, ya fito kusan shekara 33. Ya zauna daɓas a ƙasa. "Shekara 33 ana tafiya ba hutu, ba Lahadi. Su kuwa kwana huɗu." Ya yi shiru, can ya ce, "Uwata, ashe gonar Ubangiji ta fi yadda nake tsammani faɗi." Ranar Lahadin da ta biyo shi ne ya yi karatu a majami'a, ya zaɓi Zabura ta 8, wadda Dawuda yake duban wata da taurari yana mamakin yadda Allah yake kula da ɗan adam. Muryarsa ta yi ta rawa. Na sha jin wa'azi a kan girman Allah daga bakin masu digiri, amma ban taɓa ganin wanda girman nan ya zaunar a ƙasa kamar yadda lissafin kara ya zaunar da Baba ba.

Ba a daɗe ba ciwon idon nan ya ɓarke, wanda har yau ake kira apolo, aka ce ƙurar wata ce 'yan sama jannati suka kwaso. Baba ya taka har wurin malamin asibiti ya tambaya, aka gaya masa ta hannu da tsumman goge fuska ake ɗauka. Ya dawo ya ajiye buta da sabulu a ƙofar gida, ya raba wa kowa nasa ƙyallen.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan hali nasa ba. An taɓa kawo mana wani sabon fasto, matashi, fitowarsa ke nan daga makarantar Littafi Mai Tsarki. A nazarin ranar Laraba hannun Baba ba ya sauka. Rannan ana karatun Farawa ya tambayi inda Kayinu ya samo mata, fasto ya haɗe rai ya ce a gaban jama'a, "Baba, a yi hattara. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Mai bangaskiya ba ya yawan tambaya." Majami'a ta yi tsit. Ina zaune a layin 'yan mata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Fasto," ya sauke hannunsa, kuma wata da watanni bai sake ɗaga shi ba.

A littafi na biyar na ga abin da ya yi da watannin nan. A shafin hagu ya rubuta: Ko tambaya zunubi ce? Shafin dama bai ishe shi ba, sai da amsar ta ci shafi uku. Ba ra'ayinsa ya rubuta ba, sunaye ne da surori, ya bi Littafin tun daga farko yana tsinto masu tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ibrahim da ya tsaya yana ciniki da Allah a kan Saduma. Musa a gaban kurmi mai cin wuta. Ayuba, wanda ya yi ta tambaya har Allah ya amsa masa da wasu tambayoyin, a kan ruwan sama da namun jeji da taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta. Habakuk. Maryamu da ta tambayi mala'ika yadda abin zai yiwu. Nikodimu da ya lallaɓo da dare. Toma. Mutumin Habasha da ya roƙi Filibus ya hau karusa ya fassara masa Ishaya. Mutanen Biriya, waɗanda aka yaba musu don kullum suna bincika Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus kansa, yana tsare a kurkuku da tsufansa, yana aika wa Timoti ya taho masa da littattafai. A can ƙasa, da manyan baƙaƙe, ya sa Luka sura 2: Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, a tsakiyar malamai, yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi.

Bai kai wannan gaban jama'a ba. Da dare ya ɗauki littafin da ƙwaryar gyaɗa ya tafi gidan fasto su biyu kawai. Abin da suka faɗa wa juna ya tsaya a tsakaninsu. Abin da muka gani shi ne, daga ranar fasto ya fara ara wa Baba littattafansa na makaranta, kuma a nazarin Laraba ya koyi cewa, "Wannan sai na bincika, mu haɗu mako mai zuwa." Da na girma na fara koyarwa na gane abin da ya same shi. Yaro ne aka tsayar a gaban sa'o'in ubansa, yana tsoron in ya ce bai sani ba girmansa zai zube, sai ya mai da tsoronsa ya zama doka. Ina ganin da yawa daga cikin abin da ake kira tsare bangaskiya a majami'unmu irin wannan tsoron ne, kuma yana korar mana yara masu kaifin kai. Yaron da aka hana tambaya a makarantar Lahadi ba ya daina tambaya, wurin tambayar yake sakewa. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, kuma duk ranar da ɗalibi ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, fuskar Baba a ranar Larabar nan nake gani.

A 1973 aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma. Baba ya riƙe sabuwar takardar yana jujjuyawa. Ya karanta bokon da ke jiki, amma ga wani rubutu a gefe, na ajami, da ya gagare shi. Ya ce ba zai yiwu kuɗi yana aljihunsa yana magana da harshensa shi kuwa bai ji ba. Ya tashi ya tafi unguwar gabas wurin Malam, mai makarantar allo, wanda gonarsa take iyaka da tamu. Suka yi yarjejeniya: Malam ya koya masa ajami, shi ya koya wa Malam boko. Duk daren Asabar sai ka ji su a zaure, dattawa biyu masu furfura, Baba yana bin Malam, ba guje, lam ara, kaf lasan, nun guda, har ya gama babbaƙu ya shiga farfaru. In an juya, Malam ya riƙe fensir kamar alƙalamin kara, yana fama da rubutun da ke tafiya daga hagu. An yi gunaguni a ikilisiya, wai dattijo guda yana zama gaban malamin allo. Na tabbata a can ma an yi wa Malam nasa gunagunin. Ba wanda ya fasa.

Ba su ɓoye wa juna bambancinsu ba. A kan ko wane ne Yesu sun yi magana ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kowa ya faɗi nasa a fili, kowa ya tashi a kan abin da ya gaskata, aka yi sallama da "sai Asabar". Amfanin zaman ya ƙara fitowa a farkon shekarun 1980, da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta iso mana. Tsofaffi da yawa suka ƙi ta, suka ce an taɓa musu Maganar Allah. Littafin da suka sani da Misalai ya koma Karin Magana, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya. Baba ya shimfiɗa tabarma ya buɗe tsohuwa a dama, sabuwa a hagu, ya bi su aya aya, duk inda suka saɓa ya rubuta. Malam ne ya warware masa asalin kalmomin nan biyu na Larabci, cewa ru'ya daga gani take, wahayi kuwa saƙo ne da Allah yake saukarwa. Baba ya dawo da murna ya ce ashe kowace fassara ta kama gefe ɗaya ne na abin da ya faru da manzon a tsibirin Batmusa, ya gani kuma an faɗa masa. Daga nan ya riƙe duka biyun har ƙarshen ransa. A watan Maris na 1987, da rikicin da ya taso daga Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa aka ƙona majami'u, tun da asuba Malam ya zo ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidanmu ya zauna, bai tashi ba sai da rana ta faɗi.

Inna ma ba ta tsira ba. Ta daɗe tana cewa karatu na maza ne da yara, ita tuwo ya ishe ta aiki. Amma ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, kusan duk Littafin Waƙoƙi yana kanta. Baba ya yi mata dabara. Ya buɗe mata waƙar da ta fi so ya ce ta rera a hankali, shi yana ɗora yatsanta a kan kowace kalma daidai lokacin da take fitowa daga bakinta. Haka suka yi ta yi bayan tuwon dare, ita tana rerawa ƙasa-ƙasa don kada mu ji, mu kuwa muna kwance muna ji. Tana da shekara 50 da ɗoriya ranar da ta miƙe a taron mata ta karanta sura guda ita kaɗai. Da ta dawo ta ɗaure littafin a gefen zane kamar kuɗi.

Sauran littattafan cike suke da irin abin da rana ta kawo. Da shirye-shiryen Muryar Bishara, waɗanda ake haɗawa a Jos a watso daga Addis Ababa, suka ɗauke a 1977, sai da ya bi diddigi ya gano cewa sojojin da suka tumɓuke Sarki Haile Selassie a 1974 ne suka ƙwace tashar, ya sa na kawo masa taswira daga kwaleji ya ga inda Habasha take. Duk hutun da na dawo, kafin in huta sai na zauna na koya masa abin da aka koya mana a zangon.

Akwai tambaya ɗaya da ta bambanta da sauran. Ta fara fitowa a littafi na biyu, kuma daga nan duk sabon littafin da ya saya, ita yake fara kwafewa a shafin farko kafin ya rubuta komai. Kalma uku ce: Ina Babana yake?

Kakana ya mutu kafin mai bishara ya taka ƙauyenmu. Bai ƙi bishara ba, bai ji ta ba ne. Baba yana ƙaunarsa ƙwarai, yakan ce duk gaskiyar da yake da ita a wurinsa ya gada. Ya tambayi fastoci, ya tambayi Turawan mishan, ya tambayi malaman makarantar tauhidi da suka zo taron shekara. Kowa ya faɗa masa abin da ya fahimta, wasu da taushi, wasu da kaushi, shi kuwa ya rubuta duka ba tare da ya rage ba. A shafin dama ayoyi suka yi ta taruwa shekara bayan shekara: Romawa sura 2 a kan lamirin al'ummai, jawabin Bulus a Atina a kan zamanin rashin sani, roƙon Ibrahim ga Mai shari'ar dukan duniya, da waɗansu ayoyin masu nauyi da ba su ba shi sauƙi ba, waɗanda bai tsallake su ba. Amma bai taɓa ja layi ya rubuta amsa ba. Littafi 13, shekara kusan 40, ƙasan shafin fari.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi, lokacin idanunsa sun fara yana, muna zaune a inuwar rumbu yana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Baba, wannan tambayar ba ta taɓa girgiza maka bangaskiya ba?" Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Ta sa ni kuka, Uwata, ba sau ɗaya ba. Amma amsarta ba a nan za a ba ni ba. Na san wanda zan tambaya, kuma na san halinsa." Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Na yi shekaru ina juya maganar nan. Mutumin da ya taka har makaranta don nisan wata, wanda bai iya barin rubutun jikin naira ya wuce shi ba, shi ne kuma ya iya ɗaukar tambayar da ta fi kowace ci masa rai ya riƙe ta a buɗe har kabari, bai ƙirƙiro mata amsar da za ta lallashe shi ba, bai kuma yi fushi ya bar sujada ba. Da asuba muryarsa ce take tashe mu da addu'a, har makon da ya kwanta.

Bayan na yi ritaya na yi sanyi. Na ce na yi karatu na koyar, yanzu sai hutu. Ga waya a hannu, duk abin da jikokina suka tambaya sai su latsa, amsa ta fito kafin su rufe baki, su manta da ita kafin su ajiye wayar. Ina godiya ga Allah da wannan sauƙi, da Baba ya ga irinsa da bai yi barci ba. Abin da yake damuna shi ne tambaya ba ta ƙara kwana a zuciyar mutum balle ta nuna. Ni ma na bi sahu, sai na wayi gari na yi shekaru ban yi mamakin komai ba, karatun safiya ma ya zama bin layi kawai.

Da hunturun bara ina kakkaɓe ɗaki na jawo akwatin, na buɗe littafi na 14. Rabinsa kawai ya cika. Tambayar ƙarshe da manyan baƙaƙe take, sun karkace sun hau kan layi, don a lokacin da ƙyar yake gani: Me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, ya yi toho da rani? Gawon gonarmu yake nufi, wanda ya yi shekara 70 yana hutawa a gindinsa. Duk itatuwa suna yin kore da ruwan sama, shi kaɗai yake tsayawa tsirara, sai kowa ya bushe sannan ya yi lif. Shafin dama fari.

Na sa aka kira mini wani jikan yayana da ya karanta aikin gona a Samaru. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na ce masa, "Tashi ka hau kujera, yau ni ɗaliba ce." Ya yi mini bayani cewa saiwar gawo tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta cim ma ruwan da sauran itatuwa ba sa kaiwa, shi ya sa rani ba ya damunsa. Ya ce dangin wake ne da gyaɗa, saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin da ke cikin takin zamani, ganyen da yake zubarwa a farkon damina kuma taki ne, ga shi ba ya yi wa shuka inuwa, shi ya sa gero da dawa suka fi kyau a gindinsa. Ya ba ni labarin manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon su sare, aikin da wani ma'aikacin mishan SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa, har miliyoyin itatuwa suka dawo, gawo yana cikin na gaba. Na ce, "Duk na ji, ɗana. Amma me yake sa shi zubar da ganyen daidai lokacin da ruwa ya sauka?" Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, a nan masana ma ba su gama daidaitawa ba. Wasu sun ce jiƙewar ƙasa ce take hana saiwar numfashi, wasu sun ce agogon yana cikin jinin itacen ne."

Na feƙe fensir na rubuta abin da ya faɗa a shafin dama, a ƙarƙashinsa na sa kwanan wata da wanda ya ba da amsa, yadda Baba yake yi. Rabin shafin na ƙasa na bar shi. Yaron ya roƙe ni in riƙa lura masa da gawon gonarmu, in rubuta ranar da ganye ya fara zuba da ranar ruwan farko, da ranar da toho ya fito bayan kaka, shekara uku a jere, ya ce zai yi amfani da shi. Na sayi sabon littafin rubutu a kasuwar Malumfashi. Na riga na sami ranakun damina. Yanzu an fara yankan dawa, kullum da safe bayan addu'a nakan ɗauki sandata in taka zuwa gona in ɗaga kai in duba rassan.